Hayaƙi a Ɗakin Mai Jego

Ban san lokacin da taba ta yi ƙiba haka ba. Ba karan sigari nake nufi ba, ina nufin irin wadda ake naɗewa da ganyenta babu takarda, wadda mutanen ƙasar nan suke kira siga. Kwanakin baya na leƙa ta tagar kicin ɗin 'yata a garin Beltsville, nan Amurka, sai na hango surukina da abokansa a bayan gida, kowa da tasa a baki, gajeriya, baƙa wuluk, mai kauri kamar an yanko tsakiyar rogo. Bakin mutum ba ya ma iya rufuwa a kanta. Namiji da gemunsa da karatunsa, ya wangale leɓe, ya lumshe ido, yawu ya jiƙe gindin abin har yana ƙyalli, in ya gaji ya zare ta ya riƙa jujjuyawa yana kallo kamar wanda aka ba kyautar agogo. Na saki labulen na koma kan tukunyata, amma abincin ranar bai shiga cikina ba. Warin nan ba ya tsayawa a waje. Yana bin rigunansu ya shigo, ya kwanta a kujera, ya shiga gashin mutum, ki wanke labule ki shanya ki ɗauko yana nan daram, kamar an ƙona tsohon takalmi a ɗakin da aka jibge jiƙaƙƙen buhu.

Ni dai da idona na ga yadda abin ya yi ta sauya kama. Sa'ad da na zo ƙasar nan da ƙuruciyata, siririya ce doguwa, ba ta fi yatsana kauri ba, wata ma kamar fensir. Launinta ƙasa-ƙasa, wata har da ɗan kore, kamar ganyen bai gama bushewa ba. Mutum zai maƙale ta a yatsu yana magana, ba ta hana shi gaisawa da mutane. Daga baya aka fara rage mata tsawo ana ƙara mata jiki. Aka yi yayin wata mai tsinin kai da tumbi kamar ƙaramar gora. Aka yi yayin wata da aka danne har ta yi kusurwa kamar sandar sabulu. Yanzu kuwa an kai inda in ba ta fi ƙarfin baki ba, wai ba a sha komai ba. Kada a ɗauka yabon ta dā nake yi. Ita ma ƙazanta ce, kuma ita ce ta kusa raba ni da 'yata ta fari. Abin da kawai zan ce, ta dā in babba ya shigo ana iya ɓoye ta a bayan hannu. Wannan ta yanzu an yi ta ne musamman don a gani.

Taba ba baƙuwata ba ce. A ƙauyenmu, can gefen Zariya, babana yana da 'yar gonarta a bayan gida, kuma mu 'yan mata ba ganyen ne ya dame mu ba, furen ne. Da sassafe, raɓa ba ta bushe ba, za mu shiga mu tsinko shi, ruwan hoda, mai laushi, mu ƙunshe a jiƙaƙƙen tsumma mu kai wa iyayenmu mata. In rana ta yi sanyi sai su baje tabarma, a fasa goro, a tauna, a ɗauki fure a yi ta goga wa haƙora har su rine su yi ja. Har yau ina jin ƙarar tsotsar haƙoran nan da dariyarsu, wannan ta buɗe baki tana tambayar waccan ko ya kama. Ganyen kuma mu ne masu jera shi a igiya a rataye a rumfa, hannu ya yi baƙin danƙo wanda sai da toka yake fita. Babana bai taɓa kunna ta ba. In aka miƙa masa lofe sai ya ce shi noma ta ya yi, bai yi alkawarin zama murhu ba. To ni a wurina taba fure ce, abin ado. Sai da na ƙetare teku na san tana da wata fuskar.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, karatun injiniya ya kawo shi nan, ya sami aiki, ya aiko a kawo ni. Kafin in taso na shiga ajin yaƙi da jahilci don in riƙa rubuta wa innata wasiƙa da hannuna, da wannan ɗan karatun nake rubutun nan ma. Muka zauna a Wheaton, can saman wani benen haya, ɗaki da falo. Lokacin ba kamar yanzu ba ne da za ki shiga shago ki tarar da daddawa da kuka da garin tuwo a jere. Turmi ma na haƙura da shi, don ina fara daka matar da ke ƙasa da mu za ta ɗauko sandar tsintsiya ta yi ta dukan silin ɗinta. Ƙarfen da ke ɗumama ɗaki yana ƙwanƙwasa kansa kamar maƙeri na aiki a cikin bango. In sanyi ya shigo, Malam, haka nake kiran maigidana, zai bi tagogi ya liƙe su da leda ruf don kada iska ta sami kafa. Akwai kuma ɗan abin nan da ake maƙalawa a silin, wanda yake ihu in ya ji hayaƙi. Duk ranar da na soya manja da attaruhu sai ya tara mana maƙwabta, har Malam ya gaji ya hau kujera ya zare masa batir ya jefa a durowa. Muka yi dariya, muka ce mun huta. Ku riƙe wannan ledar da wannan batirin, za su dawo.

'Yata bakwaini ce. Ta zo kafin lokacinta, ƙarama kamar 'yar kyanwa, aka sa ta a kwalba ta daɗe a asibiti. Malam ya yi mata huɗuba a can, ya sa mata sunan mahaifiyarsa, taron kuma aka ɗaga sai ta dawo gida. Ranar da za a sallame mu, wata nas ta tsayar da mu tana magana a hankali, Malam yana fassara mini. Ta ce ƙirjin yarinyar bai gama ƙwari ba, kada ta shaƙi hayaƙi kowane iri, ko na turare. Ta ce irinsu wani lokaci sukan manta da numfashi, in na ga ta yi shiru in murza mata tafin ƙafa, in shafa bayanta, in yi mata magana. Na riƙe maganar nan tsaf. Ko turaren wutar da aka aiko mini daga gida na naɗe na tura ƙasan akwati.

Sai dai akwai wata maganar da na riƙe tun kafin ta nas, ita ce ta innata. A gidanmu ɗan fari ba na uwa ba ne a gaban mutane. Ba ki kallonsa, ba ki yi masa wasa, ba ki kiran sunansa, in ya yi kuka ki sunkuyar da kai har sai wata ta ɗauko ta miƙo miki, ke ma ki karɓa kamar an tilasta ki. Macen da ta nuna ɗoki a kan ɗan fari, har ta tsufa ana ba da labarinta. Ni kuwa tawa ta ninku, don sunan surukata ne a kan yarinyar, sunan da ko a mafarki ban isa in faɗa ba. Shi ya sa tun ranar farko aka riƙa ce mata Ummi. A gida wannan kunyar ba ta cutar da kowa, saboda hannuwa sun yi yawa. Kafin yaro ya buɗe baki kaka ta ɗauka, gwaggo ta goya, maƙwabciya ta leƙo. Uwa tana iya kawar da kai don ta san akwai idanu masu yawa a kan ɗanta. Mu muka ɗauko kunyar muka sa a akwati muka hau jirgi da ita, hannuwan kuma muka baro su a can.

Hannu ɗaya na samu, wata dattijuwa mutuniyar Kaduna da ta zo zama wurin ɗanta likita a garin Clinton. Ba mu haɗa jini ba, amma duk wadda ta haihu a cikinmu ita ce uwarta, kowa Gwaggo yake ce mata. Ita ta tare a wurina. Ita take tafasa ruwa a manyan tukwane ta juye a baho ta gasa mini jiki da tawul, tana mitar ƙasar da babu ganyen darbejiya. Ita take dama mini kunun kanwa da kanwar da ta ƙulle a bakin zane tun daga gida. Mace ce mai tsare al'ada, ba ta wasa. In ta ga na daɗe ina duban Ummi sai ta yi gyaran murya, in yi sauri in mai da idona kan bango.

Da taron suna ya matso, aka sami rago a wata gona, aka sami shinkafa, aka sami komai, goro ne kawai babu. Wanda ya ɗauko mana shi daga gida, a filin jirgi aka karɓe. Malam ya shiga damuwa, yana ta cewa wane irin suna ne za a watse ba a raba komai ba. A wurin aikinsu ne aka ba shi dabara. Wai su a nan in an yi wa mutum haihuwa siga yake rabawa abokai. Ya dawo da yamma da akwatin katako a hammata, fuskarsa kamar an yi masa albishir. Ya buɗe mini. Ga su nan a jere, sirara dogaye, kowacce cikin ledarta, da zoben takarda ruwan hoda a wuya, launin furen gonar babana sak. Ya ce rubutun jiki cewa yake mace aka haifa.

Ya ce, "Kin gani? Goron Turawa ke nan. Kuma ogana da kansa zai zo."

Na ce, "Malam, ba dai kunnawa za a yi ba?"

Ya ce, "Haba, wa zai kunna? A cikin mutanenmu wa ya iya? Kowa aljihu zai sa ya tafi da ita, tsaraba ce."

Na bar maganar a nan. Ni ba mai ja da magana ba ce, kuma in na ƙara wata kalma, ai ta fito fili cewa 'yar fari nake tsorata wa.

Ranar taron dusar ƙanƙara ta rufe gari. Da hantsi falo ya cika da maza, ɗalibai da likitoci da direbobin tasi, Musulmi da Kirista, duk wanda ya ji Hausa ya zo. Mata suka cika ɗakin kwana, ni ina tsakiyarsu a bakin gado, mayafi har goshi, Ummi tana kwance can jikin bango. Gwaggo tana kicin kan tukwane. Aka yi addu'a aka shafa, na ji Malam yana zagayawa da akwatinsa. Ƙofar ɗakin ba ta rufuwa sosai, don haka komai a kunnena. Wani direba mutumin Maraɗi ya ɓare tasa, ya ji an ce goron Turawa, ya gatsa ya hau tauna. Sai tofe-tofe da salati.

Yana cewa, "Wannan ai hukunci ne, ba goro ba! Me na yi maka, Injiniya?"

Wani ya ce, "Haɗiye, Alhaji, a ciki take daɗi!"

Falo ya kece da dariya. Da a nan abin ya tsaya, da yau labarin ban dariya nake ba ku. Amma ogan Malam, wani dogon Bature mai fara'a, ya ga baƙi ba su san yadda ake yi ba, ya ga kuma ya kamata ya taimaka. Ya fito da 'yar wuƙa ya yanke kan tasa, ya ƙyasta ashana, ya nuna musu yadda ake juyawa a kan wuta. Ba mugunta ya yi ba, shi a ganinsa girmama mu yake. To oga ya kunna, wa zai bar shi shi kaɗai? Malam ya karɓi ashana. Na ji ƙyas, na ji ƙyas, na ji tari da shewa, mutanen da ba su taɓa sa taba a baki ba kowa yana gwada gwanintarsa.

Hayaƙin ya fara shigowa ta saman ƙofa, shuɗi-shuɗi, ya bi silin ya taru, sannan ya fara saukowa a hankali. Tagogi a liƙe da leda. Abin ihu babu batir. Warin ya haɗu da na soyayyen nama da turaren matan da zufar mutane cikin rigunan sanyi, ya zama wani abu mai nauyi da yake zama a harshe. Ni da nake da cikakken ƙirji ma amai yake taso mini. Sai na ji Ummi ta yi tari. Ba tari ba ne sosai, ɗan sauti ne kamar an taka busasshen ganye. Na saci kallo ta ƙarƙashin mayafi. Ƙirjinta yana lotsawa ciki duk in ta ja numfashi, kamar ana danna shi da yatsa.

Matan suna ta hirar atamfa. Na buɗe baki da ƙyar na ce, "Hayaƙin nan fa ya yi yawa."

Wata da ke kusa da ni ta tafa hannu. "Oho! Ku ji mini! Tun yanzu? Yarinya ta fara jin ciwon 'yar fari!"

Wata ta ce, "Bar ta, ruwan Amurka ne. Gobe ma a kafaɗa za ta ɗora ta tana kiran sunanta a titi."

Suka yi dariya, ba da ƙeta ba, irin tsokanar da ake yi wa kowace mai haihuwar fari ce, ni ma na yi wa wasu. Na sunkuyar da kai, fuskata kamar an watsa mata ruwan zafi. Ina zaune ina jira wata ta lura, wata ta ɗauka, kamar yadda aka koya mini. Babu wadda ta duba. Ga ƙofa an turo, Malam ne ya kawo ogansa ya ga jaririya, kowannensu da wuta a yatsu, hayaƙin falo duka ya biyo bayansu kamar an buɗe murfin tukunya. Baturen ya sunkuya yana murmushi, toka na lilo a bakin tabarsa, daidai saman fuskar yarinyar.

Ban san na miƙe ba. Na dai san na ratsa tsakaninsu, na ɗauke ta, na cusa ta cikin rigata jikin fata, na ja bargo na rufa. Mayafina ya zame ya faɗi, ban tsaya ɗauka ba. Na fito falo, kaina babu lulluɓi, a gaban mazan mutane, ina taka ƙafafunsu. Aka yi tsit. Na ji muryar Malam a bayana yana cewa, "Ke, lafiya? Ina za ki?" Tun da aka ɗaura mana aure bai taɓa kirana na ƙi amsawa ba sai ranar.

Na sauka bene da silifas. Waje ba ya fituwa, ƙanƙara ce, ga ni ɗanyen jiki, ga ta bakwaini. Sai na tuna ɗakin wanki da ke can ƙasan ginin, inda injinan busar da kaya suke sa wuri ya yi ɗumi. Na shiga. Babu kowa, inji ɗaya ne yake ta juya kayan wani, maɓallin riga yana bugun ƙarfe, ƙwas, ƙwas. Na zauna a benci na buɗe bargon. Ta yi shiru. Ba shirun barci ba. Leɓenta ya sauya launi, hannuwanta sun saki. Na murza tafin ƙafarta, na shafa bayanta, ba ta motsa ba. Nas ta ce in yi mata magana. Na ce Ummi, na ce Ummi, sai na ji kamar wata nake kira, ba ita ba, kamar sunan aro ba zai kai inda ta tafi ba. Sai na kira ta da sunanta na gaskiya. Sunan surukata, sunan 'yar farina, na ɗaga murya na faɗe shi, na sake faɗa, ina murza ƙafar ina kira kamar mai kiran yaron da ya nufi bakin rijiya. Ko yanzu ba zan rubuta sunan a takardar nan ba, hannuna ba zai iya ba. Amma ranar bangon ɗakin wankin nan ya ji shi.

Ta yi wata shaƙuwa, ta ja iska, ta tsala kuka. Ban taɓa jin sauti mai daɗinsa ba, kafin nan ko bayan nan.

Da na ɗago, Gwaggo tana tsaye a bakin ƙofa, ludayi a hannunta, tana haki don saukar bene. Ban san tun yaushe take wurin ba. Na ce a raina yau na gama zubar da mutuncin gidanmu, kaina a buɗe, na ƙi amsa kiran miji, ga abin da ya fito daga bakina. Ta tako a hankali, ta kwance ɗankwalinta ta ɗaura mini, ta leƙa fuskar yarinyar ta daɗe tana kallo.

Na ce, "Gwaggo, ki yafe ni. Na kira..."

Ta ce, "Kin kira wa? Ni injin nan ya cika mini kunne, ban ji komai ba. Ba ta nono."

Ta juya ta hau sama da ludayinta. Abin da ya faru can ban gani ba, amma an ba ni labari ya fi a ƙirga. Wai ta ɗauki kwanon wanke hannu ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana miƙa musu, kowa ya tsoma tasa a ruwa ta yi cuu. Da ta zo kan Baturen ta yi masa bayani da Hausa tiryan-tiryan, wai bai nemi tafinta ba. Ta sa aka yage ledar tagogi aka buɗe su a cikin sanyin nan. Ta turo mini wata nas 'yar Jos da ke cikin baƙi ta duba yarinyar, daga baya muka koma asibiti aka ƙara dubawa, Allah ya tsare. Kafin nan Malam ya sauko. Ya zo zai shigo ɗakin wankin, warin yana gaba yana biye. Na ji bakina ya ce, "Malam, tsaya daga nan." Ya tsaya. Ya dubi babbar rigarsa, ya shinshina hannunta. Sai ya tuɓe ta, ya tuɓe ta ciki, ya jefar a ƙasa, ya tsaya a cikin sanyin lungun daga shi sai singileti, injiniya guda, yana rawar ɗari yana leƙen 'yarsa daga nesa. Da yamma na ga ya hau kujera yana mai da batir.

Labari kuwa ya zaga. An daɗe in na shiga taro sai in ga ana taɓa juna, ga wadda ta ruga da 'yar fari a gaban maza. Na haɗiye. Sauran tabar da ta rage a akwati Malam bai zubar ba, ya ce kyauta ce ta ranar 'yarsa, kuma ina jin ya ɗan ɗanɗana ya ji wani abu. Yakan ɗauki ɗaya jefi-jefi ya fita can matakalar ƙarfe ta bayan gini, ya sa wata tsohuwar kwat da ba ta shigowa gida, kafin shinkafata ta tsotse ya gama ya wanke baki. Na yi ta roƙonsa a hankali ya bari, yana cewa to. Abin da ya raba shi da ita ba roƙona ba ne. Bayan shekaru ya je shago neman irin siririyar nan, yaron shagon ya yi masa dariya, ya ce wannan ai ta tsofaffi ce, an daina yayinta, ya miƙo masa wata ƙatuwa. Malam ya dawo yana huci, ya ce shi Allah bai yi masa bakin da zai ɗauki muciya ba. Daga ranar bai ƙara ba. Abin da mata ta yi shekaru tana nema, yayi ya yi shi a wuni ɗaya.

Yanzu ga ta ta dawo mini ta hannun suruki, ta ƙara ƙiba, ta ƙara baƙi. Ta dā kafin tukunya ta nuna ta ƙare. Ta yanzu mutum zai zauna a kanta tun la'asar har a kira magariba, yaransa suna leƙensa ta gilashi. Har akwatin musamman suke saya mata mai riƙe laima, a lallaɓa ta kamar jinjiri, a ɗauke ta hoto a tura wa duniya.

Ranar da na leƙa ta tagar nan, taron sunan ɗan Ummi ake yi, ita ma ɗanta na fari. Tun da safe na ga surukina ya shigo da akwatin katako a hammata, gabana ya faɗi. Na je na ɗauko rigar sanyina na ajiye kusa da gadon jaririn, na duba inda takalmana suke, na tambayi wata yarinya ko ɗakin wankinsu a ƙasa yake. Tsufa ya zo, gwiwa ba ta son bene, amma na shirya. Ashe ba a buƙata. Ummi tana zaune a tsakiyar falo, ɗanta a ƙirji, tana sumbatar kansa tana kiran sunansa a gaban surukanta da kowa. Ta hango akwatin, ko miƙewa ba ta yi ba. Ta faɗa wa mijinta da Turanci, cikin numfashi ɗaya, cewa ba a cikin gidan nan ba, kuma in ya gama ya sauya riga kafin ya taɓa yaro. Ya ce to. Shi da abokansa suka kwashi kujeru suka fita cikin sanyi. Babu wanda ya yi tsit, babu wanda ya tafa hannu. Abin da ya ci mini mayafi da mutunci, ita ko hirarta ba ta katse ba.

Can da yamma wani daga cikinsu ya shigo ɗaukar ruwa, warin ya biyo shi, ya wuce ta gabanta. Ummi ta yi tari, ɗan ƙarami, irin na busasshen ganyen nan, don har yau ƙirjinta bai manta ba. Kafin in ankara sunan ya fita daga bakina, na gaskiyar, da ƙarfi, a cikin falo cike da mutane. Na dafe baki. Na waiga ina neman wanda zai yi gyaran murya, ko wanda zai ce bai ji ba. Gwaggo ta daɗe da rasuwa, babu injin da ke juyawa. Kowa ya ji sarai, kuma ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba.

Ita ce kawai ta juyo, ta ce, "Na'am, Mama?"

Na ce, "Babu komai. Sha ruwa."